Shaidar da Ke Cikin Yashi: Kogin Vaal da Ramin Vredefort

Gabatarwa

Duk wanda ya dubi farin wata da madubin hangen nesa a daren sha huɗu zai ga fuskarsa cike da ramuka, manya da ƙanana, wasu a kan wasu, tamkar fuskar mai zanzana. Waɗannan ramuka tabo ne na duwatsun da suka riƙa faɗowa daga sararin samaniya tsawon biliyoyin shekaru. Duniyarmu ta fi wata girma, ƙarfin janta kuma ya fi nasa, saboda haka babu wani dalili da zai sa a ce jifan ya tsallake ta. Duk da haka, ramukan duwatsun sama da masana suka tabbatar a doron ƙasa ba su wuce kimanin 190 ba, bisa jerin da Jami'ar New Brunswick ta Kanada take ajiye da shi. Kusan 20 ne kacal daga cikinsu suke nahiyar Afirka.

Dalilan wannan ƙaranci sanannu ne. Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na fuskar duniya. Iskar da ta lulluɓe duniya tana ƙone ƙananan duwatsu tun kafin su iso ƙasa. Ɓawon duniya yana motsi, yana haɗiye tsohuwar ƙasa yana fito da sabuwa. Sai kuma ruwa, wanda littattafan koyarwa suka saba ɗora wa mafi yawan laifin: ruwan sama ya zaizaye gefen rami, rafi ya cika shi da laka, kogi ya kwashe abin da ya rage.

Wannan bayani gaskiya ne, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Abin da kogi ya kwashe bai daina wanzuwa ba, wuri kawai ya sauya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ɗabi'ar neman ramukan duwatsun sama ta hanyar duban siffarsu daga sama ta kusa kai wa iyakar amfaninta, musamman a sassan Afirka masu damina, kuma lokaci ya yi da za a ba yashin koguna matsayin shaida ta farko a wannan bincike. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan haka tana Afirka ta Kudu, inda Kogin Vaal ya ratsa tsakiyar ramin Vredefort.

Abin da Dutsen Sama Yake Bari

Dutsen da ya nufo duniya yakan shigo da gudun da ba ya gaza kilomita 11 a daƙiƙa guda, galibi ma wajen kilomita 20. Idan babba ne, iska ba ta iya rage masa gudu. Da ya taɓa ƙasa sai ƙarfin gudun ya juye ya zama fashewa, shi ya sa ramin yake fin dutsen faɗi nesa ba kusa ba, kuma yake fitowa a zagaye. A jihar Arizona ta Amurka, wani curin ƙarfe mai faɗin kimanin mita 50 ya faɗo shekara 50,000 da suka wuce, ya bar rami mai faɗin kilomita 1.2 da zurfin kimanin mita 170.

Irin wannan fashewa takan bar tarkace iri uku. Akwai ɓaraguzan da aka cilla waje, suka kwanta kewaye da bakin ramin kamar shimfiɗa. Akwai dutsen da ya narke, wani ya daskare a cikin ramin, wani ya tashi sama ya faɗo can nesa a matsayin ƙwayoyin gilashi. Akwai kuma dutsen ƙarƙashin ramin, wanda bai narke ba, bai kuma tashi ba, amma bugun ya ratsa shi ya bar masa alama.

Wannan alama ta uku ita ce ginshiƙin magana. Idan matsin da ya ninka nauyin iskar da ke kanmu sau dubu ɗari ya ratsa ƙwayar ƙanƙarar dutse cikin ƙiftawar ido, yakan bar mata wasu siraran layuka miƙaƙƙu, jere da juna, masu giciye da wasu jerin, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Ƙwayar zirkon ma takan samu irin nata layukan. Dutse mai aman wuta ba ya iya yin wannan zane, girgizar ƙasa ma haka. Ke nan, ƙwayar yashi guda mai ɗauke da shi ta isa ta nuna cewa dutsen da ta ɓantaro daga jikinsa ya taɓa shan bugun dutsen sama, ko da ramin kansa ya shafe tun tuni.

Yadda Ruwa Yake Cin Rami

Sabon rami yana da gaɓa mai tudu kewaye da shi. Ruwan saman da ya sauka a kan gaɓar yakan rabu biyu. Wani ya gangara waje, ya tafi da ɓaraguzan da aka cilla, waɗanda da ma ba su manne da juna ba, don haka su ne na farkon tafiya. Wani kuma ya gangara ciki, ya yanka kwazazzabai a jikin bango, ya zubar da tsakuwa da laka a gindin ramin. A wannan mataki ramin tamkar ƙwarya yake: abin da ya shiga ba ya fita. Idan damina tana da ƙarfi, sai tafki ya kafu.

Tafkin Bosumtwi da ke kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi a Gana yana wannan mataki har yanzu. Ramin yana da faɗin kilomita 10.5, shekarunsa kuma miliyan 1.07. Babu kogin da yake fita daga cikinsa. Da aka haƙa gindinsa a 2004, an samu laka mai kaurin kusan mita 300, shimfiɗa a kan shimfiɗa, wadda masana yanayi suke karanta tarihin damina da fari na Afirka ta Yamma daga cikinta. A nan ruwa ya rufe shaidar faɗowar dutsen, amma rufewar adanawa ce.

Mataki na biyu yana farawa ne ranar da gaɓar ta ɓalle. Hakan yakan faru ta ɗayan hanyoyi biyu: ko dai tafkin ya cika ya tumbatsa ta inda gaɓar ta fi ƙasa, ko kuma wani rafi na waje ya yi ta cin ƙasa yana ja da baya har ya huda bangon. Daga ranar, wurin da yake tara kaya ya koma wurin da ake ɗiba. Ramin Ries na kudancin Jamus, mai faɗin kilomita 24 da shekaru kusan miliyan 15, ya bi duk waɗannan matakai. Ya zama tafki, laka ta cika shi, daga baya koguna suka sake yashe shi. A yau Kogin Wörnitz yana ratsa shi, ya fita ta kudu ya zuba a Danube. An daɗe ana ɗaukar wurin a matsayin bakin tsohon dutse mai aman wuta, sai a farkon shekarun 1960 Eugene Shoemaker da Edward Chao suka gano a cikin duwatsunsa wani ma'adini da matsi mai tsanani ne kaɗai yake samar da shi. Koren gilashin da fashewar ta cilla har ƙasar Cek kuwa, yawancinsa a cikin tsakuwar da koguna suka kwantar ake tono shi, domin ruwa ya riga ya ɗauke shi daga inda ya fara faɗa.

Kogi ba ya ɗaukar kaya ba tare da tankaɗe ba. Manyan duwatsu a gindi suke mirginawa, kuma sai ambaliya ta zo suke motsawa. Yashi yana tafiya da tsalle-tsalle. Laka tana bin ruwa a rataye, wani ɓangare na dutsen kuma yana narkewa ya bi ruwan ba a ganinsa. A wannan doguwar tafiya kowace ƙwaya tana gogar 'yar'uwarta, mai rauni ta niƙe. Gilashi yakan ruɓe da wuri idan aka kwatanta da shekarun duwatsu. Ƙanƙarar dutse tana jurewa. Zirkon ya fi ta jurewa, ga shi da nauyi: ya kusa ninka ta biyu idan girmansu ɗaya. Saboda nauyin nan yakan taru a inda ruwa ya rage gudu, kamar cikin kwana da bayan manyan duwatsu, tare da sauran baƙin yashi. Masu wankin kuza a rafukan Jos sun san wannan doka tun kafin a rubuta ta a littafi: a juya kasko, mara nauyi ya bi ruwa, mai nauyi ya zauna.

Vaal da Vredefort

Vredefort yana kimanin kilomita 120 kudu maso yamma da Johannesburg. Dutsen da ya haifar da shi ya faɗo shekara miliyan 2,023 da suka wuce. Masana sun kiyasta faɗin ramin na asali tsakanin kilomita 180 zuwa 300, abin da ya sa ake lissafa shi a matsayin mafi girma da aka tabbatar a duniya. Hukumar UNESCO ta sanya wani ɓangarensa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Amma wanda ya je can yana neman rami ba zai gan shi ba. Zaizaya ta kwashe duwatsu masu kaurin kimanin kilomita 8 zuwa 11 daga kansa. Gaɓar ta tafi, ɓaraguzan da suka kewaye shi sun tafi, narkakken dutsen da ya cika shi ya tafi in ban da 'yan jijiyoyin da suka kutsa cikin tsagogi. Abin da ya rage shi ne saiwar ramin: duwatsun can ƙasa da suka yunƙuro sama bayan bugun, da wasu tsaunuka da suka yi musu rabin zobe ta arewa da yamma.

Ba Kogin Vaal na yau ne ya yi wannan aiki duka ba. Koguna da yawa da babu wanda ya san sunansu sun zo sun shuɗe a cikin shekara biliyan biyu. Kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce tulin ƙanƙara ya lulluɓe kudancin Afirka ya kankare fuskar ƙasa, sannan duwatsun Karoo suka kwanta a kai suka binne ragowar. Vaal ya fara gudu ne a kan wannan murfi, ya yi ta nutsewa har ya tarar da tsofaffin tsaunukan a ƙarƙashinsa, ya ci gaba da yanka su ba tare da ya sauya hanya sosai ba. Wannan ne ya sa yake ratsa tsaunukan da, a ido, ya kamata ya kewaye. Hasali ma, da kogin bai yaye murfin ba, da babu wanda zai taka saiwar ramin da ƙafa. Ɓangaren kudu maso gabas, inda murfin bai yaye ba, har yanzu a binne yake.

A 2010 Aaron Cavosie da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan yashin Vaal a yankin Vredefort. Sun samu ƙwayoyin ƙanƙarar dutse, da zirkon, da monazait, masu ɗauke da layukan bugu. Wannan ya nuna cewa alamar ba ta gogewa don ƙwaya ta ɓantare daga dutse ta shiga kogi. Tambayar da ta biyo baya ita ce ta nisa. A 2013 Timmons Erickson da abokan aikinsa suka bi kogin suna ɗibar yashi, suka samu irin waɗannan ƙwayoyi har nisan kilomita 759, wajen mahaɗar Vaal da Kogin Orange. A 2017 kuma Stephanie Montalvo da abokan aikinta suka same su a gaɓar Tekun Atilantika, inda Orange yake zuba ruwansa, bayan tafiyar kusan kilomita 2,000. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yaya aka san daga Vredefort suka fito? Zirkon yana ɗauke da agogo a cikinsa. Lokacin da yake ƙulluwa yakan kama 'yar yuraniyom, ita kuma tana rikiɗa zuwa dalma a kan ƙa'idar lokaci da aka sani. Idan aka auna yawan kowanne, sai a san shekarun ƙwayar. Ƙwayoyin da aka tsinta a can nesa sun nuna shekaru kimanin biliyan 3, daidai da na duwatsun tsakiyar Vredefort. Layukan sun ba da labarin abin da ya same su, shekarun kuma sun nuna gidan da suka fito.

Abin da Ke Rataye da Wannan

Abu na farko shi ne tarihin duniya kanta. Mafi yawan ramukan da aka sani ba su kai shekara miliyan 600 ba, alhali duniya ta haura shekara biliyan 4.5, kuma ramukan wata sun nuna cewa jifan ya fi tsanani a farkon zamani. Ke nan shafukan da suka fi muhimmanci su ne suka ɓace. Babu wanda zai sake ganin siffar waɗancan ramuka, amma zirkon yana iya wanzuwa bayan dutsen da ya haife shi ya ƙare. Ƙwayoyin Jack Hills na Yammacin Ostiraliya, waɗanda wasunsu suka kai shekara biliyan 4.4, a cikin tsohon yashi da tsakuwar da ruwa ya kwantar aka same su. A ƙasar ta Ostiraliya kuma, ramin Yarrabubba, wanda siffarsa ta shafe, a 2020 aka tantance shekarunsa miliyan 2,229 ta hanyar auna zirkon da monazait da suka sha bugu.

Abu na biyu shi ne taswirar Afirka. Idan aka dubi inda ramukan nahiyar suke, za a ga sun taru a wurare biyu: Hamadar Sahara da kudancin nahiyar. Aljeriya tana da huɗu, Libiya da Muritaniya da Cadi kowace tana da biyu. Aorounga na arewacin Cadi, mai faɗin kimanin kilomita 13, yana fitowa tangaran a hotunan tauraron ɗan'adam, domin babu daji ko gona da suka rufe shi. A yankunan masu damina kuwa, daga Bosumtwi sai Luizi na Kwango, wanda aka tabbatar a 2011. Babu ko ɗaya daga Nijeriya ko Nijar a cikin jerin. Dutsen sama ba ya zaɓen hamada. Abin da taswirar take nunawa shi ne inda ido yake iya gani da inda masana duwatsu suka fi yawa. Matuƙar siffar rami ce ma'auni, ƙasashen da ruwa ya fi yi wa aiki za su ci gaba da zama fayau a taswira. Kogin Kwara da Binuwai da Bolta da Kwango kuwa suna wanke tsofaffin duwatsu na faffaɗan yankuna, suna tara samfurinsu a wuri guda.

Abu na uku tattalin arziki ne. Zinariyar Witwatersrand, wadda aka gano a 1886 har ta haifar da birnin Johannesburg, tana cikin tsakuwar da tsofaffin koguna suka kwantar tun kafin faɗowar dutsen Vredefort. Masana da yawa suna ganin bugun ne ya lanƙwasa waɗannan shimfiɗu ya tura su ƙasa, inda zaizaya ba ta kai gare su ba. A Sudbury ta Kanada, ma'adinin nikel da jan ƙarfe da ake haƙa ya samo asali ne daga narkakken dutsen wani rami mai shekara miliyan 1,850. A Popigai ta Sibiriya bugun ya mai da baƙin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi ya zama ƙananan ƙwayoyin daimon. Ba kowane rami ne yake da dukiya ba, amma ƙasar da ba ta san da raminta ba, ba ta ma kai ga yin tambayar ba.

Ja-in-ja da Amsoshinsu

Akwai sukar da ta cancanci a saurara. Ta farko ita ce, masu binciken Vaal sun san inda ramin yake tun kafin su ɗebi yashi. Bin sawu daga gida zuwa daji ya fi sauƙi a kan bin sa daga daji zuwa gidan da ba a sani ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai akwai misalin da ya rage wa sukar ƙarfi. A 2018 aka ba da sanarwar gano ramin Hiawatha mai faɗin kilomita 31 a arewa maso yammacin Girinlan, a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita guda. Na'urar rada ce ta nuna siffar zagaye, amma siffa kaɗai ba ta zama hujja. Babu wanda ya iya taka ramin. Abin da ya tabbatar da shi shi ne yashin kogin da yake fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙarar, wanda aka samu ƙwayoyi masu layukan bugu a cikinsa. Daga irin kayan da ruwan ya fito da su ne kuma aka auna shekarun ramin a 2022, aka samu miliyan 58, alhali da farko wasu sun zaci sabo ne ƙwarai. A nan kogi ne ya kai wa masana abin da ƙafarsu ba za ta kai gare shi ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Agogon zirkon galibi yana nuna ranar haihuwar dutse ne, ba ranar da aka buge shi ba. Sai ƙwayar da zafi ya sa wani ɓangarenta ya sake ƙulluwa ce take ba da shekarun bugun, irinta kuwa ba ta da yawa. Bugu da ƙari, ƙwaya ɗaya tana iya yin tafiya fiye da sau ɗaya: kogi ya ajiye ta, ta zama dutse, bayan miliyoyin shekaru wani kogin ya sake ɗaukarta, ko tulin ƙanƙara ya tsallakar da ita zuwa wani kwari dabam. Afirka ta Kudu ma tana da wani babban rami, Morokweng, mai shekara miliyan 145, binne a ƙarƙashin yashin Kalahari, don haka ba kowace ƙwaya mai layuka ce za a jingina wa Vredefort kai tsaye ba. Wannan suka ba ta rusa hanyar ba, iyakarta ta nuna. Ƙwaya guda tana buɗe bincike, ba ta rufe shi. Sai an bi kogin zuwa sama, ana ɗiba a kowace mahaɗa, ana lura da reshen da yawan ƙwayoyin yake ƙaruwa a cikinsa, kamar dai yadda masu neman zinariya da daimon suka daɗe suna yi.

Suka ta uku ta kuɗi ce: ƙasashen da suke fama da ambaliya da zaizayar gonaki, ina su ina neman tabon abin da ya faru shekara biliyan da ta wuce? Amsa ita ce, a duk hanyoyin wannan bincike babu mai arha kamar ɗibar yashi. Haƙa rijiyar bincike mai zurfi yana cin kuɗi masu yawa, haka ma shawagin jirgi da na'urorin auna ƙasa. Yashi kuwa buhu ne da kasko da rariya. Abin da yake da tsada shi ne na'urar da take duba ƙwayoyin, ita kuma jami'o'i da yawa suna iya tarayya a kan guda ɗaya. Daɗin daɗawa, hukumomin binciken ma'adinai da kamfanonin haƙa sun riga sun saba ɗibar yashin rafuka don neman ma'adini. A tudun Jos, tarin ragowar wankin kuza yana ɗauke da zirkon da monazait. Wannan ba ya nufin akwai rami a can. Yana nufin hannun da ya iya ware baƙin yashi daga fari yana nan, abin da ya rage shi ne a ƙara tambaya ɗaya a kan samfurin da aka riga aka ɗebo.

Darasi Daga Duniyar Mas

Abin lura ne cewa masu binciken sararin samaniya sun riga sun karɓi wannan hujja. Da hukumar NASA ta tashi zaɓen inda za ta saukar da motarta Perseverance a duniyar Mas, sai ta zaɓi ramin Jezero mai faɗin kilomita 45, inda motar ta sauka ranar 18 ga Fabrairu, 2021. Dalilin zaɓen shi ne, a zamanin da Mas take da ruwa, wani kogi ya huda gaɓar ramin ta yamma ya zuba a ciki, ya bar tarin yashi da laka mai siffar mafici, ruwan kuma ya ɓalle ya fita ta ɗaya gefen. Motar da ba za ta iya zagaye ƙasa mai faɗi ba ta je inda kogi ya riga ya tara mata samfurin ƙasar. Tun kafin nan, motar Curiosity da ta sauka a ramin Gale a 2012 ta ɗauki hoton tsakuwa mulmulalliya, irin wadda doguwar tafiya a ruwa take mulmulawa.

Ƙasar Hausa ma ta taɓa karɓar baƙo daga can. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a lardin Katsina. Bincike ya nuna daga Mas ya fito, kuma babu abin da zai iya ɓantaro shi daga can ya cillo shi sarari in ba bugun wani dutsen sama ba. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Ramin da ya yi a gonar bai kai zurfin mita guda ba, irin wanda damina ɗaya ta isa ta shafe. An san labarinsa ne domin an gan shi yana faɗowa, an kuma tono dutsen. Manyan da suka faɗo kafin a samu mai gani, sai dai a tambayi abin da ruwa ya kwashe daga kansu.

Kammalawa

Akwai dalilin da zai sa a hanzarta. Koguna ba sa ɗaukar yashi kamar da. Madatsar Bloemhof tana kan Vaal a ƙasa da Vredefort, kuma kowace madatsa tarko ce: ruwa yana wucewa, yashi yana zama a gindinta. Motocin ɗibar yashin gini suna kwashe wanda ya rage daga gaɓoɓin da suke kusa da birane, suna kai shi inda zai shiga siminti. Yashin da ke kwance yau a gindin kogi da kan tsofaffin gaɓoɓinsa ya taru ne a cikin dubban shekaru, kuma idan aka cakuɗa shi ko aka kwashe, ba a iya mayar da tsarinsa.

Abubuwan da ya kamata a yi ba su da yawa. Hukumomin binciken ƙasa su riƙa ajiye wani kaso na duk baƙin yashin da suka ware, tare da rubuta ainihin wurin da aka ɗebo shi. Sassan nazarin duwatsu na jami'o'in Afirka su sanya gane layukan bugu cikin abin da ake koya wa ɗalibai a darasin madubin ƙara girma, domin wanda bai san alamar ba zai gan ta ya wuce. Kafin a rufe sabuwar madatsa, a ɗebi samfurin yashi a sama da ƙasa da ita a adana. Sannan masu kula da wurare irin su Vredefort su faɗaɗa abin da suke karewa ya haɗa da gaɓar kogin, domin wani ɓangare na abin da ya sa wurin ya zama abin tarihi yana cikin yashin da yake fita daga cikinsa.

Binciken Vaal ya ɗauki shekara bakwai, daga 2010 zuwa 2017, kafin a bi ƙwayoyin daga tsakiyar ramin har bakin teku. A koguna biyu aka yi shi, a kan rami guda da aka riga aka sani. Manyan kogunan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna jiran a yi musu irin wannan tambaya, kuma abin da ake buƙata a fara shi ne buhun yashi daga kowace mahaɗa.